Almakashin Da Ya Ɓace Mini A Gwarzo

Jama'a, a dogon hutun shekarar 2019 ne wani aminin babana ya samo mini aikin koyar da yara kwamfuta a wata 'yar makaranta a Gwarzo. Kullum da safe sai in hau bayan ɗan acaɓa daga garinmu Kabo, ina hura hanci, wai ni ga ɗan jami'a.

Abin da zan koya musu shi ne Scratch, manhajar nan da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Ba a rubuta umarni a cikinta, sai dai yaro ya jawo tubala masu launi ya jera, wata kyanwa ta bi abin da ya jera. Ni kuwa na ƙware da ita a tsohuwar kwamfutar yayana. A can saman allo akwai jerin kayan aiki: hatimi na kwafe hoto, almakashi na shafewa, da kibiyoyi na ƙara girman kyanwa ko rage shi.

Ran farko na tsaya gaban yara na ce, “Kowa ya ɗauki almakashi.” Shiru. Na leƙa allon wani yaro da na ga tun ɗazu yana ta danne-danne, wayam, ba almakashi ba hatimi. Kai, sai na hau shi da faɗa, na ce shi ya ɓata. Yaro yana cewa, “Wallahi Malam ban taɓa ba,” na kore shi waje. Da na zaga sauran kwamfutocin na tarar duk haka suke, sai gumi ya karyo mini. Na kashe na kunna, na sake, a banza. Mai makaranta yana bakin ƙofa yana kallona.

Da dare a Kabo na buɗe ta yayana, ga kayana nan ba abin da ya same su. Sai a sannan na lura ashe tawa Scratch 2.0 ce ta 2013, tasu kuwa 3.0 ce wadda ta fito a Janairun 2019, kuma masu ita ne da kansu suka cire jerin. Girman kyanwa ya koma wani ɗan akwati a ƙarƙashin filin wasanta, inda aka rubuta 100, sai ka canja lambar. Shafewa akwai ɗan maɓalli a kusurwar hotonta. Kwafi kuwa sai ka danna ɓangaren dama na linzami. Ni dai har yau ina ganin kibiyoyin sun fi wa yaro sauƙi da lamba.

Washegari yaron bai zo ba. Da aka tashi na sa aka raka ni gidansu, na iske babansa a zaure, na gaishe shi na ce, “Baba, laifin nawa ne, ba nasa ba.” Ya daɗe yana dubana, sannan ya ƙwala wa yaron kira.