Tsiron da Ake Ɓoyewa

In ka kula da hannuwan yara masu talla da 'yan makarantar allo a Kurya Madaro, da wuya ka rasa mai ɗan tsiro a yatsa ko a bayan hannu: ƙullutu mai tauri da kaushi, ba ya ruwa, ba ya zafi. Wata uwar ta ɗaure shi da zare, wani ya sa reza ya yanke. Jini ya zuba, kafin a jima ya dawo, har da 'yan rakiya a gefensa.

Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci ke kira HPV, tana da iri fiye da 100. Ta ƙaramar tsaga a fata take shiga, shi ya sa reza da cizon farce suke yaɗa ta. Yawancin na yara yakan ɓace da kansa cikin shekara biyu. Wanda ya ƙi tafiya, akwai maganin shafawa mai cinye shi sannu a hankali, a asibiti kuma a ƙone shi ko a daskarar da shi ya faɗi.

Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi damuna shi ne na al'aura da dubura, wanda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Kunya kan sa mutum ya ce wa kansa basir mai tsiro ne, ya nufi mai lasifika ranar kasuwa a Ƙauran Namoda ko Shinkafi, ya sayo jiƙo. Wasu har su shafa abu mai ƙuna a wurin da fata ta fi laushi, su bar wa kansu gyambo. Basir jijiya ce ta kumbura. Wannan kuwa ƙwayar cuta ce, jiƙon basir ba ruwansa da ita. Mai juna biyu ta yi hattara ƙwarai, don wani maganin shafawa na tsiron, mai suna podofilin, bai dace da mai ciki ba. Ko an cire tsiron a asibiti yana iya dawowa, sai a koma ba tare da an yanke ƙauna ba.

Akwai abin da nake so magidanta su ji. Ƙwayar tana iya kwanciya a jiki watanni, har shekaru, kafin ta nuna. Saboda haka ganin tsiro a jikin mata ko miji ba hujjar cin amana ba ne, kuma zalunci ne a yi saki a kansa. Abin yi shi ne a duba mijin, a duba matansa duka.

A cikin ire-iren HPV, iri na 6 da na 11 ne ke kawo yawancin tsiron al'aura, na 16 da na 18 kuma su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Allurar rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, kyauta, ta haɗa duka huɗun. Zamfara ta shiga a zagaye na biyu, a watan Mayun 2024. Allurar ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, shi ya sa ake yin ta tun kafin aure. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, inda 'yan bindiga suka hana ma'aikatan lafiya sakewa, ya kamata uba ya tambayi ƙaramin asibitin da ya fi kusa da shi ko akwai allurar, ya kai 'yarsa da kansa.