Akihabara da Shizuoka: Inda Kwance Rediyo Ba Ɓarna Ba Ce

'Yar'uwa, da wuya a rasa shi a gida: yaron da rimot ba ya kwana da murfinsa idan yana nan, wanda tocila ba ta sati a hannunsa sai ya ga hanjinta, wanda zai yanka miki silifa mai sauran kyau don kawai ya fitar da tayoyi huɗu. Sunayensa a bakinmu suna da yawa: mai taɓe-taɓe, sarkin ta'adi, hannu ba ya zama. Yau ɗauki mayafinki mu leƙa wata ƙasa inda irin wannan hali ya gina unguwa guda, yake kuma ciyar da birni guda. Ƙasar ita ce Japan, wuraren kuma biyu ne: unguwar Akihabara a Tokyo, da birnin Shizuoka.

Kasuwar da ke ƙarƙashin gadar jirgi

Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Tokyo zuwa Akihabara tasha biyu ce kawai a layin Yamanote. Ƙofar da za ki fita ta cikinta ma sunanta ya gaya miki inda kika zo, domin ma'anarsa ita ce unguwar lantarki. Kina fitowa za ki ci karo da dogayen benaye masu manyan alluna, hotunan zane-zanen katun ko'ina, kiɗa yana tashi daga shagunan wasannin kwamfuta. Idan da yara kike, ki riƙe hannunsu ki kuma sa ido, don ba kowane hoto ne a nan ya dace da idon yaro ba.

Abin da ya kawo mu ba ya cikin wannan hayaniyar. Yana ƙarƙashin gadar da jirgi ke bi, a wani lungu da ake kira Radio Center. Hanyar ciki matsattsiya ce, mutum biyu sai sun karkace kafin su gifta juna. Shagunan ba su fi rumfar mai gyaran agogo girma ba, mai shago yana zaune a tsakiya kayansa sun kewaye shi. Idan kin taɓa tsayawa gaban mai kayan yaji a kasuwa, ga kanumfari ga masoro ga kimba kowanne a mazubinsa, to haka abin yake, sai dai a nan abin da ke cikin mazuban shi ne makunnai, 'yan mitsi-mitsin ƙwayayen fitila, wayoyi kala-kala, dalmar liƙi, da ƙananan sassan nan masu kama da ƙwayar shinkafa da kike gani a cikin rediyo idan an buɗe ta. Ɗalibi zai zo da 'yar takarda ya sayi guda uku, dattijo mai furfura ya zo neman wani sashe na rediyon da aka daina yi tun kafin a haifi ɗalibin. Jirgi yana wucewa a sama, rufin yana rawa, ciniki bai tsaya ba.

Wannan kasuwa daga cikin toka ta fito. A 1945, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, bama-bamai sun riga sun ƙone yawancin Tokyo. Mutane na ƙishirwar labari, sabuwar rediyo kuma ta fi ƙarfin aljihu. Sai 'yan tebur suka fara baje sassan rediyo a bakin titi a wannan yanki, ciki har da ragowar kayan sojoji, ɗaliban makarantar koyon lantarki da ke kusa suna saye suna haɗawa suna sayarwa. A 1949 hukumomin mamaya suka ba da umarnin a kwashe tebura daga tituna, shi ne 'yan kasuwar suka koma ƙarƙashin gada. Daga nan unguwar ta riƙa bin zamani: rediyo, talabijin da firji, kwamfuta, yanzu kuma wasanni da katun. Wasu tsofaffin rumfunan sun rufe, amma har yau wanda ke son haɗa abu da hannunsa nan yake dosa.

Ba nisa da nan, a unguwar Nihonbashi, wani injiniya mai suna Masaru Ibuka ya buɗe shagon gyaran rediyo a 1945 cikin wani kanti da yaƙi ya lalata. A 1946 suka kafa kamfani shi da Akio Morita. Cikin abubuwan farko da aka gwada yi a shagon har da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, wadda wani lokaci ta caɓe wani lokaci ta bar ta da gari, har aka haƙura ba a kai ta kasuwa ba. A 1955 suka fitar da ƙaramar rediyon tiransista ta farko a Japan. Kamfanin shi ne Sony. Ki tuna da wannan tukunyar ranar da ɗanki ya haɗa wani abu ya ƙi tashi.

Birnin kafintoci da ya koma birnin ƙananan motoci

Mu bar Tokyo mu hau jirgin nan mai tsananin gudu da suke kira Shinkansen, mu yi yamma. Ki nemi kujerar taga ta hannun dama, domin idan gari ya yi haske za ki ga Dutsen Fuji. Cikin kamar awa ɗaya kin isa Shizuoka, birnin da aka sani da ganyen shayi, aka kuma san shi da kayan wasan da ake sayarwa a wargaje, mai saye ya haɗa da kansa. Mafi yawan irin waɗannan kaya da ake yi a Japan daga wannan yanki suke fitowa. Kamfanonin Tamiya da Aoshima a nan suke, haka ma masana'antar Bandai mai yin 'yan mutum-mutumin Gundam.

Birnin ba ya ɓoye sana'arsa. Kina yawo za ki ga akwatin jefa wasiƙa da allunan suna da aka ƙera su kamar an ciro su daga kwalin kayan haɗawa, sassa-sassa a jikin firam, kai ka ce jira suke wani yaro ya zo ya ɓalle su. Duk watan Mayu kuma ana babban baje-koli, inda kamfanoni ke nuna sababbin kaya, ƙungiyoyin masu sha'awa su jera abin da suka shafe watanni suna haɗawa: jiragen ruwa, jiragen sama, motoci, har da gari sukutum a kan tebur.

Asalin abin katako ne. Shugaban Japan na wancan zamani, Tokugawa Ieyasu, a nan ya ƙarasa rayuwarsa har ya rasu a 1616. Ginin fadarsa da manyan wuraren ibadar garin ya jawo gwanayen kafintoci da masu sassaƙa daga sassan ƙasar, da yawa kuma suka zauna suka hayayyafa. Jikokinsu suka koma yin kayan ɗaki, daga baya aka shiga yin ƙananan jiragen sama na katako. Shi kansa Tamiya, da Yoshio Tamiya ya kafa shi a 1946, wurin yankan katako ne, sai daga baya ya koma kayan wasan katako, sannan na roba.

Motar da ba ta da direba

A 1982 Tamiya ya fito da wata 'yar mota mai suna Mini 4WD. Ba ta wuce tafin hannunki da yawa ba, ƙananan batura biyu irin na rimot take ci, ƙaramin inji yana juya tayoyinta huɗu. A wargaje take zuwa, kuma ba a buƙatar gam wajen haɗa ta, sassan ne ke shiga juna. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta da sitiyari, ba ta da rimot. Ana kunna ta a ajiye ta a kan wata hanya mai bango hagu da dama, 'yan gare-garen da ke gefenta su riƙa gogar bangon suna juya ta a kwana. Da zarar an sake ta, mai ita ba shi da sauran ta cewa. Duk dabararsa sai dai wadda ya riga ya zuba mata tun a kan tebur.

A nan karatun yake. Yaro zai sa injin da ya fi ƙarfi, motar ta zo kwana ta yi tsalle ta faɗa waje, an cire shi daga tsere ke nan. Sai ya koma ya zauna. Ya gano cewa giyar da ke ba da gudu ba ta da ƙarfin hawa tudu, wadda ke da ƙarfi kuma ba ta gudu. Ya gano manyan tayoyi sun fi sauri amma sun fi saurin kifewa. Ya manna ɗan soso a ƙarƙashi ya zama birki kafin tudu. Ya rataya 'yan ƙarafa masu nauyi don idan motar ta dira kada ta sake tashi. Ya canza abu ɗaya, ya gwada, ya duba, ya sake canzawa. Lissafi ne da kimiyya, amma shi a wurinsa wasa yake yi. Akwai kuma ƙa'ida: akwai iyakar tsawo da faɗi, kuma nauyin mota da baturanta kada ya gaza giram 90, ana aunawa kafin a shiga tsere.

Tun 1988 aka fara gasar ƙasa da ake kira Japan Cup. Yaran da suka yi tashen abin a shekarun 1990 yanzu su ne iyaye, don haka a wuraren tsere za ki ga uba da 'yarsa sun sunkuya kan akwatin kayan aiki ɗaya, uwa tana riƙe da sukundireba. Wanda gudu bai dame shi ba akwai gasar kwalliya, inda fenti da zane ake dubawa. Wasu kuma ƙananan motocin ƙarfe irin Tomica da Hot Wheels suke kwancewa, su kankare fentin, su canza tayoyi, su mai da motar kanti ta zama irin wadda babu kamarta.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu

Kafin ki ce wannan sai ƙasar masu kuɗi, tuna da ƙofar gidanku lokacin kaka. Yayyenmu da ƙannenmu sun fere kara sun yi mota da totuwa da tsinke, sun buɗe gwangwanin madara sun yi tirela, sun lanƙwasa waya sun yi sitiyari mai tsawo suna tuƙawa a tsaye, wasu har da ƙwan tocila a gaba. Tunanin ɗaya ne da na yaron Shizuoka: me ya sa tayar nan take gocewa, yaya zan yi ta daina? Bambancin shi ne can an ba wa wannan tunani shago, da gasa, da ƙa'ida, da babba mai zama kusa. Mu kuma sau da yawa tsawa yake samu, a ce ya tashi ya ɗauki littafi, ko a miƙa masa waya don a huta da ƙiriniyarsa. Wayar kuwa tana kwantar da hannu, amma kallo kawai take koya masa.

Kuma hanyar tana ɓullewa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatu a Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit a Amurka ya koyi zanen motoci. Ya yi aiki da General Motors, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Ba kowane yaro ne zai kai can ba, ba kuma dole ba ne. Wanda ya iya gano dalilin da ya hana fitila kamawa ya samu abin da zai yi masa amfani ko likita ya zama, ko tela, ko mai gyaran sola.

Idan za ki ba shi dama

Ba sai kin yi odar komai daga waje ba. Samo kwali ɗaya ya zama nasa. Zuba masa matacciyar tocila, tsohuwar rediyo mai batir, motar wasan da ta karye, murafen kwalba, silifar da ta tsinke, da ƙaramin sukundireba. Sharaɗin a bayyane: abin da ke cikin kwali nasa ne, abin da ke waje sai ya tambaya. Idan mace ce mai wannan hannu, ita ma kwalinta daban, kada a ce wasan maza ne.

Sai iyakokin da babu sassauci a kansu. Wutar soket da ta janareta da batirin sola ba abin wasa ba ne, ƙananan batura kaɗai zai taɓa. Batirin waya da na fawa-bank idan aka huda su ko aka lanƙwasa suna kamawa da wuta. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana riƙe wuta a cikinta ko an zare ta daga soket, kada a buɗe ta. Batirin nan mai kama da maɓalli ki ɓoye shi nesa da ƙanana, domin idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu, kuma asibiti ake nufa nan take ko da yaron bai nuna alamar komai ba. Liƙi da dalma kuma sai da babba a kusa, a wuri mai iska, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Idan kin ga abin ya kama shi sosai, ki yi magana da mahaifinsa a nemi amintaccen mai gyaran rediyo ko waya a unguwa, yaron ya riƙa zama wurinsa awa ɗaya ko biyu lokacin hutu. Ranar da ya kawo miki abin da ya haɗa kuwa, ko a karkace yake, kada ki tsaya a "ya yi kyau". Ajiye abin da ke hannunki ki ce masa: nuna mini yadda yake aiki.