GYARAN FATAKE DA YA KAI MU BIRNIN SIN

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi cikin watan Yuli na 2024, watau Muharram na 1446, daga Kano zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda fatakenmu ke ce wa Gwanzu. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu kawo labarin shi ne, ba da kuɗi aka yanki tikitinmu ba, da makin tafiya aka yanke shi. Mun kuwa lura da yawa daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati suna da wannan maki, amma wasu ba su san da shi ba, wasu kuma sun sani amma ba su tsaya sun tambayi kansu ko na wane ne ba.

Asalin maganar kuwa, akwai wani almajirinmu mai sayar da yadi a Kantin Kwari, wanda ke zuwa Gwanzu saro kaya sau huɗu a shekara. Wata rana bayan mun tashi daga karatun dare, sai ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron wajena ya duba mini waya, ya ce wai kamfanin jirgin da nake hawa ya tara mini wani maki da zai isa tikitin mutum ɗaya zuwa da dawowa. In ya halatta, ina so Malam ya zo ya ga inda muke neman abinci." Muka ce, "Alhaji, Allah Ya saka da alheri, amma bari mu san ko mene ne shi tukuna, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba."

Da muka bincika sai muka tarar ashe abin ba baƙo ba ne, gyara ne. Kowa ya san in ya auni gero a wurin mai awo, ya kan ƙara masa ɗan hannu a kai don gobe ya dawo. To, haka kamfanonin jiragen sama suke yi. Bayan gwamnatin Amurka ta sakar musu mara a 1978, kowane kamfani ya sami damar sa farashinsa, sai gasa ta yi tsanani, har a 1981 kamfanin American Airlines ya buɗe shirinsa mai suna AAdvantage, sauran suka bi sahu. Mutum zai yi rajista kyauta a ba shi lamba, duk tikitin da ya yanka da lambar nan sai a rubuta masa maki. Wasu kamfanoni da tsawon tafiya suke aunawa, wasu kuma da yawan kuɗin da aka biya. Cikin waɗanda mutanenmu suka saba hawa, shirin kamfanin Habasha shi ne ShebaMiles, na Turkiyya Miles&Smiles, na Saudiyya Alfursan, na Emirates kuwa Skywards.

Ga lissafin Alhaji yadda ya kasance. Daga Kano zuwa Adis Ababa mil 2,000 ne da 'yan kai, daga nan zuwa Gwanzu kusan mil 5,000. Zuwa da dawowa ke nan kimanin mil 14,000, sau huɗu a shekara ya zama 56,000. Sai dai fa ba a ba mai tikitin rahusa cikakken awo, wani lokaci rabi ake rubuta masa, wani lokaci rubu'i. Saboda haka tafiye-tafiye da yawa ne suke taruwa su haifi tikiti ɗaya. Abin takaici kuma, da aka bi lissafin daga farko, sai aka ga wani kaso mai tsoka ya riga ya ƙone, domin Alhaji ya shekara biyar da rajista bai taɓa waiwayarsa ba, alhali a shirye-shirye da yawa wa'adin maki shekara 3 ne. Laifin kuwa ba na kowa ba ne, an rubuta sharaɗin tun ranar rajista, ba a karanta ba ne kawai.

Abin da muka fahimta ta fuskar shari'a shi ne, wannan maki kyauta ce ko rangwame da mai sayarwa ya yi wa mai saye alkawari, ba mu kuwa ga abin da zai hana karɓarsa ba. Amma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bayyana cewa kyauta ba ta kammala sai ta shiga hannun wanda aka ba, in mai bayarwa ya rasu ko ya karye kafin a karɓa, to, ta warware. Haka kuwa al'amarin yake a zahiri. A 2017 kamfanin Air Berlin na Jamus ya karye, shirin makinsa ya bi shi, mutanen da suka yi shekaru suna tari suka wayi gari da lambobi a takarda. Ko kamfani bai karye ba, yana da ikon ƙara yawan makin da ake biya wa tikiti duk sa'ad da ya ga dama. Don haka maki ba abin binnewa a tukunya ba ne, da zarar ya isa tafiya sai a yi amfani da shi.

Da muka amince, sai aka shiga neman kujera, a nan ne kuwa muka san haƙuri. Kamfani ba ya sakin kujerun maki sai kaɗan a kowane jirgi, watau waɗanda yake zaton ba za su sayu ba. Mun so mu tafi cikin Afrilu, sai aka tarar lokacin babbar kasuwar baje koli ta Kanton ne, wadda ake ci a Gwanzu tun 1957, sau biyu a shekara, farawa daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba. Ko kujera ɗaya babu. Sai cikin Yuli aka samu, a tsakiyar mako, kuma ranar dawowarmu ta saɓa da ta Alhaji da kwana biyu. Wanda ke son Umrar azumi da maki, ko tafiya lokacin hutun makarantu, sai ya fara nema tun da wuri, domin yawancin kamfanoni suna buɗe littafinsu kimanin wata 11 kafin ranar tashi. In kuma ba a samu a kamfani ɗaya ba, a duba abokan ƙawancensa. Alal misali, ƙungiyar Star Alliance da aka kafa a 1997 ta haɗa kamfanonin Masar da Turkiyya, waɗanda suka shiga a 2008, da na Habasha da ya shiga a 2011, kuma ana iya yankar tikitin ɗaya da makin ɗaya.

Kada kuma wani ya ji an ce kyauta ya fito hannu rabbana. Harajin filayen jirgi da wani ƙarin kuɗi da kamfani ke ɗorawa, da tsabar kuɗi ake biyansu. Biza da masauki da abinci duk suna wuyan matafiyi. Duk da haka, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin jirgi ya yi tashin gwauron zabi, abin da muka biya bai kai rubu'in kuɗin tikiti ba. A tafiya mai nisa irin wannan ne maki ke nuna amfaninsa, wanda ya ƙarar da shi a gajeruwar tafiya ya sayar da doki ne a kuɗin jaki.

Ranar tafiya muka tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da rana, muka yi wajen awa biyar a sama, muka sauka a filin Bole na Adis Ababa da dare. Garin yana kan tudu, sama da mita 2,300 daga gaɓar teku, ga shi damina ce, sai da muka nemi mayafi. A ɗakin jira kuwa kai ka ce Kwari ce ta yi ƙaura, ga mutanen Kano, ga na Maraɗi da Damagaram, ga na Garwa da Kumasi, kowa da jakar samfurin kayansa. Muka haɗa Magariba da Isha'i, muka yi wa Isha'i ƙasaru, sa'an nan wajen tsakar dare aka kira mu.

Tafiya ta biyu ta haura awa goma. Da yake gabas muka fuskanta, sai daren ya gajarce, kafin mu cika awa huɗu alfijir ya keto ta taga. Muna jan hankalin matafiya a nan, kada mutum ya dogara da agogon hannunsa ya yi ta barci har rana ta fito, domin lokacin salla na inda kake ne, ba na inda ka baro ba. Muka sauka a filin Baiyun da la'asar, agogon can ya riga na gida da awa 7, ga zafi mai gumi kamar na Legas.

Gwanzu birni ne a bakin Kogin Lu'ulu'u, kuma ba yau ya fara ganin fataken Musulmi ba. Tun zamanin daular Tang, fiye da shekara dubu da suka wuce, jiragen ruwan Larabawa da Farisawa ke zuwa, a littattafansu Khanfu suke kiransa. Alhaji ya sauke mu a unguwar Xiaobei, inda baƙi 'yan Afirka suka fi sauka, kuma inda Musulmin ƙasar suke da gidajen abincin halal. Mun bi shi kasuwar yadi, mun ga benaye hawa bisa hawa ba komai ciki sai tufafi, mun ga yadda ake ciniki da na'urar lissafi, wannan ya danna farashi ya miƙa, wancan ya goge ya danna nasa, ba mai jin harshen wani amma ciniki na faɗawa. Mun kuma ga wahalar da ba a faɗa a gida: yawo tun safe har dare, da jiran kaya, da fargabar canjin kuɗi. Sai muka gane makin da ya kawo mu gumin bawan Allah ne.

Mun ziyarci masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. Gininsa irin na mutanen ƙasar ne mai rufin tankwashe, sai hasumiyarsa mai tsawon mita 36, kewayayya, sumul, wadda suke kira Guangta, watau hasumiyar haske, ana cewa da can ita ke shiryar da jiragen ruwa. Juma'a kuwa a masallacin Xianxian muka yi, inda sahu ya haɗa Basine da Balarabe da Ba'indiye da Bahaushe har harabar waje. A nan akwai wani kabari da mutanen wurin ke dangantawa ga Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi. Mun girmama wurin a matsayin maƙabartar magabata, amma abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne a Aƙiƙ kusa da Madina ya rasu, wajen shekara ta 55 bayan Hijira, aka binne shi a Baƙi'a.

A hanyar dawowa muka zauna kusa da wani babban ma'aikacin gwamnati da ya je taro. Da ya ji labarinmu sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ma ina da maki mai yawa, amma duk tikitin ofis ne ya saya. Zan iya kai iyalina Umra da shi?" Muka ce, "Ranka ya daɗe, tambayarka ta fi tafiyarmu muhimmanci."

Makin ɗan kasuwa nasa ne, don da kuɗinsa ya yanki tikiti, in ya so ya hau, in ya so ya yankar wa iyayensa ko malaminsa, yawancin kamfanoni sun yarda da haka. In kuwa da dukiyar haɗin gwiwa ko jarin wani ya yi tafiyar, sai ya sanar da abokin tarayyarsa. Amma ma'aikaci da kuɗin jama'a aka tura shi, gyaran kuwa a kan awon da jama'a suka biya aka yi shi. Ɗalibai sun san ƙissar Ibnul Lutbiyya da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, da yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi inkarin haka a kan mumbari. Ko waɗanda ba Musulmi ba sun ga nauyin abin. A Jamus, a 2002, Gregor Gysi ya sauka daga muƙaminsa na mai kula da tattalin arziki a gwamnatin Berlin saboda ya yi tafiyar kansa da makin da ya tara a tafiyar aiki. Amurka kuwa a ƙarshen 2001 ta yi doka ta yafe wa ma'aikatanta wannan maki. Ka ga ashe magana tana ga izinin mai dukiya. Saboda haka muka ce masa ya tambayi hukumar da ya ke yi wa aiki a rubuce, in ƙa'ida ta bar masa ya ci halal, in ba ta bari ba ya yanki tikitin aiki na gaba da shi ya rage wa baitulmali nauyi. Abin da ba shi da fuska ko kaɗan shi ne ma'aikaci ya zaɓi jirgi mai tsada, ko hanya mai zagaye, ko ya ƙirƙiro tafiyar da ba ta da dalili, don makinsa ya ƙaru. Wannan cin amana ne.

Sauran gargaɗi biyu. Na ɗaya, kamfanoni sun hana sayar da maki ga dillalai, kuma wanda ya yi rajista ya karɓi wannan sharaɗi, wajibi ne ya cika shi. Mai sayen irin wannan tikiti kuma yana iya zuwa filin jirgi a ce an soke shi, ba tafiya ba kuɗi. Na biyu, akwai katunan bashi na banki da ke ba da maki amma da sharaɗin kuɗin ruwa, kada kwaɗayin gyara ya kai mutum ga riba.

Daga ƙarshe, muna kira ga fatakenmu, kowa ya yi rajista da sunansa daidai yadda yake a fasfo, ya tabbata wakilin da ke yankar masa tikiti ya sa lambarsa, ya adana katin shiga jirgi har sai ya ga an rubuta makin, ya riƙa duba ranar ƙarewar wa'adi. Nawa ne daga cikinmu suke da tsohuwa a gida mai begen ganin Ka'aba, alhali kuɗin jirgin Umrarta yana ƙonewa a cikin wayar ɗanta bai sani ba?

Allah Ya saka wa Alhaji da alheri, Ya yi wa kasuwarsa albarka, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya tsare ma'aikatanmu daga cin abin da ba nasu ba, amin.