Daga Jalingo Zuwa Gonakin Wardin Ɗa'ifa

Aminina, ka tuna ranar da ka raka ni tasha a Jalingo, zafin Maris yana dukan kai, ka ce in sayo maka turare mai kyau in Allah Ya kai ni? To, neman turaren nan ya kai ni inda ban taɓa zato ba. Mun bi ta Numan da Gombe, muka kwana Kano, washegari jirgi ya sauke mu Jidda. Umarar azumi ta yi kyau, alhamdulillahi. Kwana uku bayan ƙaramar sallah ta 2025 wani ɗan Kano mazaunin Makka ya ce in shirya kafin asuba, za mu Ɗa'ifa.

Abin da na sani game da garin bai wuce na karatun Sira ba: jifan da aka yi wa Manzon Allah (SAW), da inabin da Addas ya kawo masa, sai masallacin Abdullahi ɗan Abbas. Tafiyar wajen kilomita 90 ce. Da muka kama hawan dutsen Hada, hanya tana lanƙwasa kamar maciji, birai zaune a gefen titi suna jiran sadaka, sai na ga kamar daga Mayo Selbe muke hawa Mambila. Kunnuwa suka toshe, sanyi ya shigo. Ni da na taho da 'yar shara, a zatona duk ƙasar Larabawa wuta ce, haka na yi ta rawar ɗari. Ashe garin ya ɗara mita 1,800 a sama.

Gonar wardi aka kai mu, tun kafin mu gan ta ƙanshi ya tarye mu. Ka san mu, fure in ba na zoɓo ba ne, ado ne na gidan Bature ko ƙofar otal. Nan kuwa noma ne na gado, ga ma'aikata sun duƙufa suna tsinka suna zubawa a kwando, da sauri kamar masu tsere. Na tambayi dalili. Mai gonar ya ce man ƙanshin yana gudu da zarar rana ta yi zafi, don haka kafin hantsi an tashi. Bishiyar ba ta wuce tsayin mutum ba, ga ƙaya, furen ruwan hoda mai haske, kunnuwansa kamar talatin. Sau ɗaya take fure a shekara, tsakanin Maris da Afrilu, kwana arba'in da 'yan kai. A sanyin hunturu ake yi mata aski, kuma da reshe ake dasa ta.

Na ce ashe Ɗa'ifa ce asalin wardi. Aka yi mini dariya. Wannan irin baƙo ne da ya zama ɗan gari. Sunansa na asali wardin Dimashƙa, babban birnin Sham, kuma 'yan'uwansa ne ake nomawa a Kazanlak ta Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya da Kashan ta Iran. Masana sun gano cewa daga auren furen daji iri uku ya fito. Mutanen garin wasu na cewa Turkawan Daular Usmaniyya suka kawo shi, wasu na cewa ta Indiya ya biyo. Ruwa da ƙasa da sanyin dutse suka ba shi ƙanshin da ya bambanta shi da danginsa.

Daga gona muka bi kwandunan zuwa masana'anta. Manyan tukwanen tagulla ne a jere kan wuta, kamar na tuwon biki. A zuba fure da ruwa, a rufe ruf, tururi ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi ya riƙa ɗiga cikin kwalba. Man yana tasowa sama, a zuƙe shi da sirinji. Ruwan farko, wanda ya fi ƙarfi, suna ce masa arus, wato amarya. Dubban furanni ke ba da 'yar kwalbar da ba ta kai babban yatsa ba. Da na ji kuɗinta na mayar da hannu aljihu. Da ruwan wardin nan, haɗe da Zamzam, ake wanke cikin Ka'aba, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Muna gangarowa, bayan mun ɗaura harami a miƙati, Gembu da Nguroje nake ta tunani. Sanyin da ya raya ganyen shayi a Kakara, me zai hana masana aikin gona na Taraba su gwada shi da wardi? Ka kai wa abokanka na can wannan magana. Turarenka kuwa, ka yi haƙuri, ruwan amarya na iya saya, kwalba biyu. Ɗaya taka ce, ɗaya ta uwargida.