Asabar Biyar da Akwati Ɗaya

Shekaruna ashirin da ɗaya a daminar 1979. Ina da takardar malanta sabuwa fil, da wando mai faɗin ƙafa wanda mahaifina ya tsana, da keken aro. Ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Bade, kusa da Gashuwa, gidanmu kuwa yana Nguru bayan tashar jirgin ƙasa, inda kakana ya sauka da awon gyaɗa dogo bai daɗe da isowa daga Kano ba. Wata safiya hedimasta ya leƙo ajina ya ce an sa sunana cikin malaman zaɓe. Ban taɓa jefa ƙuri'a ba, ban ma taɓa ganin an jefa ba. Soja ke mulki tun ina ɗan shekara takwas.

Aka tara mu a wani aji aka yi mana bita. Hukumar zaɓe, FEDECO, ta raba aikin Asabar biyar: sanatoci 7 ga Yuli, majalisar wakilai 14, majalisar jiha 21, gwamna 28, shugaban ƙasa kuma sai 11 ga Agusta. Jihohi 19 ne a lokacin, kowace sanata biyar, 95 ke nan. Mu 'yan Borno ne, Maiduguri ce hedikwatarmu, an kuma yanka jihar gida biyar. Ba wanda ya nuna mana taswira. Sunan mazaɓar kawai aka rubuta a allo da Turanci, muka kwafa. Abin da ya zauna mini a kai daga bitar nan shi ne gargaɗin ƙarshe: wanda akwatinsa ya ɓace, kurkuku.

Da na je gida sallama, mahaifina yana zaure da rediyonsa. Ɗan NPC ne na gaske, ya yi zaɓen 1959, lokacin da kowane ɗan takara ke da akwatinsa da alamarsa a jiki, fartanya nan, tauraron NEPU can. Na nuna masa alamomin yanzu: gida da masara na NPN, mabuɗin PRP, sai zakara da bishiyar kwakwa na GNPP, jam'iyyar Waziri Ibrahim, wadda ta cika garin Nguru da “Adalci” da “siyasa ba da gaba ba”. Ya daɗe yana kallon takardar.

“Ikon Allah,” in ji shi. “Zakaran nan na Zik ne, itacen nan na Awolowo. Abin da aka hana mu kallo jiya, yau ministan jam'iyyar Sardauna ya haɗa su a tuta ɗaya.”

Na yi dariya don ya yi, amma ban gane ba. A wurina duniya ta fara ne a shekarar nan.

Ƙauyen da aka tura ni yana cikin fadama. Ba zan faɗi sunansa ba, za ku ga dalili. Landiroba ta ajiye mu inda taɓo ya hana ta gaba, ni da mataimakina da wani ɗan sanda mutumin kudu, muka ƙarasa a ƙafa, akwatin ƙarfe a kaina. Garin duk ƙaurin bandar kifi, sauro kuwa kamar an aiko shi. Aka sauke mu a zauren wani Alhaji, dillalin kifi, wanda rabin masuntan garin da kuɗinsa suke sayen koma. Daren nan aka kawo mana tuwon gero da miyar kuka, kifi ya fi miyar yawa. Na ci har na lashe hannu.

Da safe aka kewaye gindin wata tsamiya da zana, ta zama ɗakin sirri. Maza suka fara. Wajen hantsi sai ga mata, ba da yawa ba, akasari tsofaffi da masu tallan kifi. Wannan ne karo na farko da matan Arewa suka shiga babban zaɓen ƙasa, kuma an ja mana kunne mu lallaɓa su. Wata tsohuwa Babadiya ta tsaya a gaban teburina, hannunta duk sawun ƙayar kifi, ta riƙe katinta a kife.

“Kai angona, yau wa ake naɗawa?”

“Sanata ne, Kaka.”

“Sarki ne?”

“A'a.”

“Hakimi?”

“Wakili ne. Ikko zai tafi ya riƙa magana da bakinku.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ya san ni?”

Na yi shiru. Masu jiran layi suka fara murmushi.

“To in ka gan shi ka ce masa ruwa ya ragu. Da, war haka bakin gidana yake kwana. An ce a ƙasar Kano aka tare shi.”

Madatsar Tiga take nufi, wadda aka gama a 1974 a can saman kogin da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya gangaro Gashuwa. Ni da na karanta labarin ƙasa ban haɗa wannan da wancan ba, ita da ba ta taɓa shiga aji ba ta haɗa. Na ce “to, Kaka, zan faɗa,” irin “to” ɗin da ake yi wa tsofaffi. Ta shiga bayan zana, ta fito tana goge yatsa a zaninta, ta ce tawadar gwamnati ba ta da ɗanɗano.

Bayan azahar layi ya ƙare. Ɗan sandan ya je neman abinci. Sai ga Alhaji, mai masaukina, cikin farar riga, ya zauna a bencin da ke gabana kamar mai hira, ya zaro kati huɗu daga aljihu ya jera.

“Malam ƙarami, na iyalina ne. Ka san ba sa fita.”

“Ranka ya daɗe, doka ta ce kowa da kansa zai zo.”

“Ai ni ne kansu.”

Na waiga wajen wakilan jam'iyyu. Na NPN yana gyara takalminsa. Na GNPP, wanda tun safe yake cika mu da “Adalci”, ya ga wani abu mai ban sha'awa a saman tsamiya. Dukansu biyu akwai bashin Alhaji a wuyansu, daga baya na sani. Zuciyata tana bugawa har a kunne. Na tuna a zaurensa jakata take, a nan zan kwana, kuma sauran Asabar huɗu. In baki ya ci, ido ke jin kunya. Na yago takarda huɗu na miƙa masa. Ya shiga bayan zana, ya ɗan jima, ya fito da yatsu huɗu baƙi ƙirin, don shi ma a ganinsa bai kamata yatsa ɗaya ya yi aikin mutum huɗu ba. Ni kuma na buɗe rajista na ja layi a gaban sunayen mata huɗu. Har yau ina jin ƙarar biron a kan takarda. Da daddare rediyo yana ta yabon yadda mata suka samu 'yanci, muna cin kifin Alhaji.

Asabar ta biyu ya dawo, na ba shi. Ta uku ma haka. Kafin zaɓen gwamna aka ga watan Ramalana, sai na samu inda zan fake. Da ya jera katunan na sunkuyar da kai na ce, “Baba, ka yi mini rai, da azumi a bakina.” Ya yi dariya ya kwashe abinsa, ya ce malam ya yi gaskiya, azumi ba abin wasa ba ne. Na jira har la'asar ko zai turo su. Ba wadda ta zo. Na daɗe ina ba kaina labari cewa ranar nan na yi jarumta. Ƙuri'a goma sha biyu na riga na bayar, kuma ban ce masa abin haramun ne ba, na ce dai ina azumi.

Ranar 11 ga Agusta ruwan da Kaka ke cewa ya ragu ya zo daidai gwargwado, ya yanke hanyar ƙafa. A kwalekwale muka fito da akwatin, rana na faɗuwa. Na ɗora shi a cinya na rungume kamar jariri. Ɗan sandan bai iya ruwa ba, ya damƙe gefen jirgin da hannu biyu yana addu'a da yarensu, duk motsin da ya yi sai ruwa ya leƙo. A tsakiyar kogi aka ji kiran salla daga nesa. Mai fito ya kamfaci ruwa da tafinsa ya sha, ya ce in sha. Na kasa sakin akwatin. Katangar kurkukun Gashuwa kawai nake gani. Sai da muka taɓa gaɓa na buɗe baki, da laka har gwiwa. Bayan shekara goma, a 1989, a wannan kurkukun aka kawo lauya Gani Fawehinmi, jaridun Legas suka yi ta kwatanta yankinmu kamar bangon duniya. Mu da muke tura musu wakilai tun tuni, da gidan yari suka san mu.

Sakamako ya fito. A kujerun sanata biyar na Borno GNPP ta ɗauki huɗu, NPN ɗaya. Mohammed Goni ya zama gwamna, Shagari ya hau mulki ranar 1 ga Oktoba. Sanatan da na ɗauko wa ƙuri'u a ka ban taɓa ganinsa ido da ido ba, saƙon Kaka yana nan a wurina. Siyasar da ba gaba kuwa ba ta yi wata huɗu ba: a Janairun 1980 aka kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jiha, aka ajiye shi a Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da ƙasarsa. A Nguru, inda kusan kowane gida ke da dangi a tsallaken iyakar Nijar, labarin nan ya shiga jikin mutane. Na ga mahaifina, mai goyon bayan NPN, ya kashe rediyo bai ce uffan ba.

A 1983 aka sake sa sunana, na ce ba ni da lafiya. GNPP ta riga ta dare, Goni ya tsaya a UPN, Asheik Jarma na NPN ya karɓi kujerar. Amma a shekarar nan ba zancen ƙuri'a ake yi a kasuwar Nguru ba. Damina ta ƙi, bushiya ta kwantar da shanu. Ranar 31 ga Disamba muka ji muryar Birgediya Sani Abacha, aka ce Buhari ne sabon shugaba, wanda ya taɓa yi mana gwamnan soja. Mazaɓar da na kwafi sunanta a allo ta mutu da safiyar nan, tana da shekara huɗu da wata uku. Ba ta sake dawowa ba. Ranar 27 ga Agusta 1991 Babangida ya ciro Yobe daga Borno, hedikwata ta koma Damaturu, sanatoci suka zama uku a kowace jiha, muka wayi gari 'yan Yobe ta Arewa, wadda yau ta haɗa Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru da Yusufari.

A Disambar 1991 aka yi zaɓen gwamna na bin layi, ba zana ba akwati: ka tsaya a bayan hoton wanda kake so, a ƙirga kawuna. Dokin SDP nan, mikiyar NRC can. Na shiga layina, na hango layin mata, sai ga maiɗakina tsaye ƙyam a bayan hoton da ba nawa ba, goyo a baya, ko kallona ba ta yi. Bukar Abba Ibrahim ya ci. Da muka koma gida ta kawo abinci, na ci, ba wanda ya tayar da maganar. Alhaji ne ya faɗo mini a rai daren nan.

Sauran kun san shi. Usman Albishir ya riƙe Yobe ta Arewa daga 1999 zuwa 2007. Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa, ya fara da Bade da Jakusko a majalisar wakilai a 1999, ya haye majalisar dattawa a 2007, ya shugabance ta a 2019, sannan aka yi shari'ar tikitin APC tsakaninsa da Bashir Machina, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a Fabrairun 2023, alƙalai uku suka rinjayi biyu. Jikana ne ya karanta mini hukuncin a wayarsa.

A shekarar ce ta'aziyya ta mayar da ni ƙauyen. Inda muka ƙetare a kwalekwale kacalla ta cinye shi, ba ka ganin ruwa sai ciyawa ta fi mutum tsawo. Tsamiyar tana nan. Alhaji ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne a zauren, ya ce in shigo in gaida tsohuwa. Ita ce amaryar gidan a wancan lokaci, yanzu ita kaɗai ta rage cikin huɗun. Aka ce mata malamin zaɓen da ya taɓa sauka a gidan ne. Ta ce ta tuna, su ne suka yi ta tuƙa mana tuwo. Ta sa aka kawo mini ruwa a kwanon sha, ta ce bana ma ta je ta dangwala, na'urar ta ƙi karanta yatsanta sai da ta ɗauki fuskarta.

Na ce, “Hajiya, na 1979 fa, kin yi?”

“Wane irin yi, Malam? Lokacin ai mata ba sa zaɓe.”

Sunanta ne na huɗu a shafin, na ja masa layi sau uku. Na ɗaga kwanon na sha, na ce, “Haka ne, Hajiya.”