Keken Da Yaya Bai Hau Ba

Wannan makon mu aka bai wa fili, kuma abin da muka zo da shi ba ƙagaggen labari ba ne. Mu uku abin ya shafa, dukkanmu muna cikin wannan dandali, sai muka ce mutum ɗaya ya rubuta da bakin kowa.

Ruwan sama ne ya haɗa mu da shi a daminar 2019. Muna dawowa daga makaranta hadari ya tsinke, muka fake a wani zaure da ke bayan layinmu. Sai muka ji murya daga lungu tana cewa mu matso ciki, wajen ƙofa yana yoyo. Yana zaune a kan tabarma, rediyo a cinyarsa, ƙafafunsa a naɗe cikin mayafi. Tun muna yara muke wuce ƙofar nan, ba mu taɓa sanin da mutum a ciki ba.

Shan inna ce ta kama shi yana ɗan shekara uku. Ya girme mu, don haka Yaya muke ce masa. Mahaifiyarsa ce mai fita da shi a da. Da ta rasu, keken da yake tuƙawa da hannu ya lalace, ba wanda ya gyara. Ga dokin ƙofa mai tsawo, ga kwata a bakin gida da aka ɗora wa katako ɗaya. Matar wansa na aiko masa da abinci sau uku, ba ta taɓa fashi ba, amma yaron da ke kawowa ajiyewa yake ya juya. Ya taɓa ce mana yakan yi kwana biyu bai ji muryar kansa ba.

Muka mayar da daren Alhamis na wajensa. Da farko, gaskiya, lada muke nema. Ba a yi wata biyu ba muka gane mu ne masu ƙaruwa. Yana da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, duka ukun, bangonsu ya yage, ya kusa haddace su. Idan muka karanta masa gajerun labaranmu sai ya rufe ido, can ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya ƙanena. Wace uwa ce take yi wa 'yarta magana haka? Wannan fassarar fim ce." Mu yi ta gardama, daga baya mu koma gida mu gyara a ɓoye. Labarin da ɗayanmu ya fara samun yabo da shi a ƙungiya, Yaya ne ya sa aka yanke masa shafi biyu na farko.

Siyasar duniya kuwa a rediyo ya sha ta. Muna wajensa a watan Agustan 2020 aka sake maimaita labarin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar shan inna daga Afirka. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce to su ne 'yan auta ke nan. Ya san da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, har da wa'adin shekara biyar da ta bai wa gine-ginen gwamnati su gyara hanyar shiga. Ya ce shi dai a fara da kwatar ƙofar gidansu.

Abu ɗaya yake alfahari da shi: bai taɓa bara ba. Ya faɗa mana haka ya fi sau goma. Mun ji da kunnenmu.

Duk da haka, a 2021 muka yanke shawarar saya masa sabon keke, muka ce bazata za mu yi masa. Muka ɗauki hotonsa yana karatu bai sani ba, muka saka a Facebook. Mu da muke ganin mun iya rubutu, muka zuba kalmomi: bawan Allah, abin tausayi, ba shi da kowa. Kuɗi suka taru cikin sati ɗaya, muna ta murna.

Kafin mu kai keken, wani yaron maƙwabta ya riga ya nuna masa a waya. Mutanen gidan ma sun gani, matar wansa ta yi kuka a kan kalmar "ba shi da kowa". Da muka shiga da keken yana ƙyalli, bai ko kalle shi ba. Ya ce, "Ashe duk zaman nan bara kuke yi da ni. Da kun tambaye ni, da na ce a gyara tsohon." Ya ce mu fita da shi.

Nan ne muka yi kuskuren da ya fi na farko. Muka ji haushi. A hanya ɗayanmu ya ce wannan butulci ne, sauran ba mu musa ba. Muka goge rubutun, muka ce bari ya huce, alhali mu ne muke jira ya neme mu. Alhamis ta wuce, wata ta wuce. Sai jarrabawar ƙarshe, sai neman wajen aiki, kullum da uzurin da za mu kawo.

Bayan wata biyar muka haɗu muka je ba shi haƙuri. Muka tarar da kwado a ƙofar zauren. An yi rabon gado, an sayar da gidan, yayarsa ta tafi da shi garin da take aure. Mai shagon kusa ya ba mu wata lamba, har yau ba ta shiga. Ya kuma miƙo mana leda da aka bar masa ajiya, ya ce ta samarin Alhamis ce. Littattafan nan uku ne a ciki, ba wasiƙa. Mun sha yin musu a tsakaninmu: ɗaya na cewa yafiya ce, ɗaya na cewa sallama ce.

Yanzu an rushe zauren an yi shaguna biyu, an rufe kwatar da siminti. Keken yana soron gidan ɗayanmu, tayoyinsa sun sace. Sau biyu ana zuwa neman a bayar da shi ga wani mai buƙata, kuma mun san hakan ne daidai, tunda kuɗin jama'a ne. Mun sa ranar Juma'a mai zuwa za mu kai shi.