Baƙon Ɗalibi da Tuwon Inna

 

Kwanakin baya ƙanena ya nuna mini wani ɗan majigi a wayarsa, na wata makarantar sakandare a ƙasar Japan, ranar da take karɓar ɗalibai baƙi daga ƙasashen waje. Tun daga ƙofa aka nuna wa baƙin inda za su tuɓe takalmansu su sa na cikin makaranta, kamar yadda al'adar makarantun ƙasar take. Kowane baƙo aka haɗa shi da ɗalibi guda ɗan gida, wanda zai zauna kusa da shi a aji, ya raka shi wajen cin abinci, ya koya masa rubuta sunansa da irin rubutunsu. Da aka tashi, baƙo da ɗan gida suka ɗauki tsintsiya da tsumma suka share ajin tare, domin a can ɗalibai ne ke tsabtace makarantarsu. Wannan ba abin rana ɗaya ba ne a wurinsu: a shekarar 2018 ma'aikatar ilimin ƙasar ta buɗe wani shiri mai suna Kakehashi, wato gada, don kawo ɗaliban sakandare 1,000 daga ƙasashen Asiya cikin shekara biyar, ciki har da ƙasashen Musulmi irin su Indunusiya da Malesiya.

Ƙanena sha'awa abin ya ba shi. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, domin ya tuna mini da wani baƙo da aka taɓa kawo mana, da yadda muka karɓe shi.

Mai karatu, mu ma muna da irin wannan tsari, ko da ba a ɗaukarsa a majigi. Jihohin Arewa 19 suna da shirin musayar ɗalibai, inda ake tura yaro daga jiharsu ya yi sakandare a wata jihar. Yankinmu na kudancin Jigawa kuwa ya daɗe da sanin ɗalibin da ya zo daga nesa. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye mutane daga garuruwa da dama, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya kammala a 1978. Ni ba ita na yi ba. Wata makarantar kwana na shiga a 2004, kuma ba sai na ambaci sunanta ba, tunda laifin da zan faɗa nawa ne da na abokaina.

A ɗakin kwananmu akwai wani yaro ɗan ƙabilar Tibi daga jihar Binuwai, Kirista, wanda zan sakaya sunansa. Bai iya Hausa ba, mu kuma Turancinmu bai taka kara ya karya ba. Gadonsa na kusa da nawa, amma wata huɗu ban taɓa tambayarsa sunan garinsu ba. Idan ya yi ƙoƙarin gaisuwa da Hausa mu yi ta dariya, har ya daina. Ba mu yarda ya sha ruwa da moɗarmu ba, kuma akwai wani suna da muke kiransa da shi wanda nake neman gafarar Allah a kansa har yau. Abin da ya fi muni shi ne, a lokacin gani muke yi kishin addini muke yi.

Babbar Sallar watan Janairun 2005 ta zo a tsakiyar hunturu. Aka ba mu hutun 'yan kwanaki, kowa ya kama hanyar gida, ban da ɗaliban musaya, domin Makurɗi ba nan kusa ba ce. Na bar shi zaune a bakin gado, leɓensa duk sun tsage saboda bai saba da irin sanyinmu ba. Ko sallama ban yi masa ba.

Da na isa Zandam, da dare ina ba Inna labarin makaranta, sai na kawo zancensa don in ba ta dariya. Ba ta yi dariyar ba. Ta ce, "To shi ina zai yi Sallah?"

Na ce, "Inna, ai ba Musulmi ba ne."

Ta ce, "Kai ɗan nan, addininsa na tambaye ka? Wa zai ba shi abinci? Ita uwar tasa da ta ba da shi amana, ka san ko tana iya barci?"

Baba yana daga zaure yana jin mu. Bai ce mini komai ba. Da gari ya waye ya kira Kawu ya ce ya goya ni a babur, mu je mu nemi izinin malamin ɗakin kwana mu zo da yaron.

Kwana uku ya yi a gidanmu. Inna ta ba shi man shanu ya shafa a leɓe, ta zuba mana tuwon dawa da miyar kuka a kwano ɗaya, ta tsaya a kaina har sai da na sa hannu tare da shi. Ranar Idi muka tafi masallaci ya zauna a gida, ba wanda ya ce masa ya zo, ba kuma wanda ya harare shi don bai zo ba. Da aka yi yanka ya taya mu riƙe ragon wajen fiɗa. Da yamma ya ga buhunan riɗi a zaure, ya nuna su da murna, ashe a garinsu ma ana nomansa. Shi da Baba suka daɗe suna hira, rabi da hannu rabi da guntun Turancina, kan lokacin shuka da yadda ake kaɗe shi. Ranar na san sunan garinsu.

Da na girma na yi ɗan karatu, sai na gane Inna ce ke kan sunna, mu ne muka kauce. Sahabban farko da suka yi hijira zuwa Habasha a shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (SAW), baƙi ne a ƙasar Kiristoci, kuma Najjashi ya ba su mafaka bayan ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib. A Madina, tawagar Kiristocin Najran a masallacin Annabi aka karɓe su. Zaidu ɗan Sabit kuwa umartarsa aka yi ya koyi rubutun Yahudawa. Waɗannan bayin Allah sun fi mu kishin addini nesa ba kusa ba, amma ba su ɗauki wulaƙanta baƙo a matsayin ibada ba.

Ko a al'adarmu, wa ya fi Bahaushe sanin baƙon ɗalibi? Shekaru aru-aru almajiri yana barin garinsu ya sauka inda bai san kowa ba, a ba shi zaure, wata uwar ɗaki ta riƙa ajiye masa tuwo. Mu ne muke cewa baƙonka annabinka, mu ne muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da ya same mu shi ne mun ƙuntata ma'anar baƙo, ta koma wanda ya yi kama da mu kaɗai. Abin da kuma Japanawa suka fi mu da shi ba yawan kirki ba ne, tsari ne: ba su bar baƙo ga sa'a ba, sun ɗora wa wani ɗalibi takamaimai alhakinsa. A ɗakinmu mun kai talatin, kowa na ganin ba aikinsa ba ne.

Wani zai ce, ba a jin tsoron cuɗanya ta ɓata tarbiyya? Tsoron na da wurinsa, musamman ga yaranmu da ke fita waje. Amma ni shekara shida na yi ina cin abinci da wannan yaro, ban rasa salla ɗaya ta dalilinsa ba. Sau da yawa ma shi ke tashina da asuba.

A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka kashe wasu matasa masu yi wa ƙasa hidima a jihar Bauchi, maƙwabciyarmu. Bayan wani lokaci sai ga wayarsa. An turo yayarsa hidimar ƙasa Jigawa, iyayensu sun ce ba za ta je ba. Ya ce ya gaya musu akwai wata uwa a Zandam, yana so in tabbatar masa tana nan. Na ce tana nan. Yayar tasa ta zo, ta yi shekararta tana koyarwa, ta ci tuwon Sallah a gidanmu, ta koma lafiya. Na kan tambayi kaina: da Inna ta yi dariya a daren nan, me zai faɗa wa iyayensa game da Musulmi?

Ɗan uwa, idan kana makaranta, duba ajinku ko ɗakin kwananku. Akwai wanda ba ya jin yarenku, wanda ba ya tafiya gida idan an yi hutu. Kada ka jira hukumar makaranta ta haɗa ku. Tambaye shi sunan garinsu.

Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci. Wassalamu alaikum.